Daɓen Ɗakin Baba Noma

Shekara arba'in da biyu ƙafafun Baba Noma na cikin Kwara,
yana jan taru daga Yelwa har tsibiran da ban san sunansu ba.
Ruwa ya ba shi kifi, ya karɓi gwiwa.
Yanzu da asuba sanyi ke fara gaishe shi
kafin mu.

Mun gwada kasko. Wani dare aka ja ƙofa ruf,
da safe sai ɗauko shi muka yi kamar buhun shinkafa,
ana fifita, Inna Tumba na salati.
Gawayi bai sake kwana a ɗakin ba.

Haƙilu ne ya dawo daga Birnin Kebbi da zane a takarda:
baƙin tanki bisa rufi, rana ta dafa ruwa,
jan tiyo ya bi ƙasa yana lanƙwasa kamar hanjin rago,
ɗumi ya taso ta tafin ƙafa.
Muka shimfiɗa, muka ɗaure da waya.
Saura abin da za a zuba a kai.
Nan gardama ta shimfiɗa tabarma.

Haƙilu jibsam yake so, ɗan'uwan alli.
Ya ce kwarara shi ake kamar kunu,
ya nemi daidai da kansa, ba ruwansa da cokalin magini,
ya rungume tiyo, bai bar wa iska wurin zama ba,
kuma zafi ba ya ɓata lokaci a cikinsa.

Kakale magini ya tofar da tukar goro.
Nasa siminti ne marar nauyi,
mai ƙananan ramuka kamar cikin burodi.
"Wanga dai na san halinai.
Shina tsagewa, ban ɓoye maka ba.
Shina rowar zahi kamar mai shago in an zo cin bashi.
Amma ka sako mai gulbi, shi kwana shi tashi."

Ni kuwa ina gefe da biro da bayan kwalin sukari,
ina tara kuɗin mota, ina cire kuɗin magani,
lissafi ya ƙi ba kowa gaskiya.

Sai aka zuba kowanne a tsohon faranti,
da guntun tiyo a ciki, aka jira suka bushe,
aka ɗura ruwan zafi daga tukunya.
Baba ya ɗora dama kan fari, hagu kan toka-toka,
ya lumshe ido.
"Farin ya riga," in ji shi.
Haƙilu ya dube ni, haƙora a waje.

Aka kira la'asar. Baba ya ce a miƙo buta.
Nan inda yake zaune ya yi alwala,
yadda yake yi tun da bakin ƙofa ya yi masa nisa.
Ruwa ya sauka kan farantan biyu.
"Ku bar su nan. Sau biyar kullum."

Ranar takwas farce ya shige farin kamar awara.
Haƙilu ya ce ai tayil za a sa, a toshe ko'ina.
Baba ya yi dariya har da tari:
"Sau nawa na toshe jirgi?
Ruwa ba ya sallama, yaro."

Toka-tokan muka zuba, siriri,
yatsa biyu bisa tiyo.
Ɗuminsa sai bayan isha'i yake isowa,
kamar baƙon da ya tsaya gaishe-gaishe a hanya.
Haƙilu har gobe yana cewa rabin zafin mun binne shi,
wataƙila ma da gaskiyarsa.

A wata na huɗu tsaga ta fito,
daga dokin ƙofa ta karkata zuwa ƙafar gado.
Na kwaɓo siminti a kwano zan cike,
Baba ya tare ni da sanda.
Ya bi ta da babban yatsan ƙafa, sannu:
"Ga Yelwa nan. Ga inda giwar ruwa ke kwana.
Nan jirgina ya kife, shekarar da aka haife ka."

Simintin ya daskare a kwano.
Kyanwa ta zo ta kwanta a kan Yelwa.